Ƙanina Zai Mayar Da Inna Gaban Kyamara

Malama, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan. Idan ya wuce, ko dai in yi abin da zai raba ni da ƙanina har abada, ko in zura ido a yi wa mahaifiyarmu abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba zan faɗi nata ba. Idan na faɗa, rabin masu karanta shafinki za su ajiye jarida su kama rera waƙoƙinta, sauran kuma su fara ba ni labarin yadda iyayensu suka haɗu a layin sinima saboda ita. Na haura hamsin, kuma tun ina goye nake jin wannan labarin. Ya ishe ni.

Inna 'yar fim ce, ta zamanin da hoto ba shi da launi. Tana da shekara biyar kawunta ya riƙo hannunta ya kai ta wurin masu ɗaukar fim, saboda ta iya zubar da hawaye ba tare da fuskarta ta yamutse ba. Akwai ɗan ɗigon baƙi a ƙarƙashin idonta na hagu, daga nan masu ɗaukar fim suka laƙaba mata 'Yar Ɗigo a tsakaninsu. Yawancin yaran da suka yi tashe irin nata, da zarar haƙoran gaba sun zube sai a manta da su. Ita ba a manta ba. A gaban kyamara ta girma, ta fito budurwa, ta fito amarya, ta fito uwa, ta mutu sau da yawa har na daina ƙirgawa, kuma kowace mutuwa sai mutane sun fito daga sinima suna share hanci. Ni aikina gyaran rubutu ne a maɗaba'a. Littattafan da aka rubuta a kanta ta teburina suka bi. Na gyara musu aya da waƙafi, na bar musu ƙaryarsu, don ba a ɗauke ni aikin gyara wannan ba.

Ga abin da littattafan suka tsallake. A wancan zamani, abin da kyamara ta ɗauka ba ya goguwa kamar na wayoyin yanzu. Idan yaro ya motsa inda bai kamata ba, wannan ɗaukar ta lalace ke nan. Don haka sai su zana wa yaro alama da alli a ƙasa, su ce nan ne wurinka. Daga lokacin da aka buga ɗan allon nan na alamar fara ɗauka, ba tari, ba susa, ba waiwaye, ba sauka daga alama, har sai darakta ya ce an yanke. Kawu yana tsaye bayan kyamara hannuwansa a naɗe. Duk ranar da ta kuskure, sai ya kai ta ɗakin ajiye kayan sawa, wanda ba shi da taga, ya rufe ta cikin riguna masu rataye har a gama gyara fitilu. Inna ta sha ba 'yan jarida wannan labari tana dariya, su ma suna dariya, suna rubuta cewa horo ne ya yi ta. Ni ban taɓa jin abin dariya a ciki ba. Har ta tsufa ba ta yarda a rufe ƙofar durowar kayanta.

A 'yan shekarun nan ciwon mantuwa ya kama ta, na dawo da ita gidana, ɗakin da ke jikin falo. Akwai mai jinya da ke zuwa da safe ta tafi idan na dawo daga aiki. Inna ba ta gane ni yanzu. A ganinta ni ce matar da ke ɗinka musu kayan fim, kuma kullum sai ta yi mini ƙorafi cewa ɗinkina yana matse ta a hammata. Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ta daina cin abinci. Sai ta datse haƙora ta juya fuska bango. Ƙwayar maganin zuciyarta kuwa, ta riƙe a kumatu, da na juya baya ta tofar a bayan matashin kai. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

To, sai ƙanina ya gano dabara. Shi ne autanmu, har yau da furfura a gemunsa Auta muke ce masa, kuma malamin koyar da tuƙin mota ne. Wata rana muna fama da ita a kan farantin abinci, cikin wasa ya shiga kicin ya ɗauko katako biyu na yankan albasa, ya buga su a gabanta, ya kaurara murya ya ce 'Yar Ɗigo ta koma wurinta, za a ɗauki wurin cin abinci. Malama, ban taɓa ganin irin wannan ba. Matar da ta yi watanni a lanƙwashe ta miƙe zaune, ta gyara wuyan rigarta, ta karkato fuskarta wajen hasken taga ta gefen da ɗigon yake, ta ɗauki cokali kamar sarauniya ta cinye tas. Mai jinya ta yi kuka. Auta ya yi kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Daga ranar abin ya zama yadda ake tafiyar da gidan. Wanka, a buga katako. Magani, a buga katako. Auta bai tsaya nan ba. Ya sayo alli ya zana mata alama a falo kusa da taga, ya riƙa tsayar da ita a kai yana ɗauka da waya. Tana karanto maganganun finafinan da aka yi tun kafin a haife shi, ba ta ɓatar da kalma ko ɗaya, matar da ba ta san sunan 'ya'yanta ba. Ya tura wa dangi, dangi suka tura wa duniya. Ba a jima ba sai ga wata matashiyar darakta, mai ladabi, mai sanyin murya, ta zo ta durƙusa gaban Inna. Tana so ta yi fim a kan rayuwarta, kuma a rufe shi da Inna da kanta, a tsaye ƙarƙashin fitilu, tana maimaita wurin da ya fi shahara a finafinanta. Auta ya amince nan take. Ni na ce zan yi tunani, shi kuma ya ji hakan a matsayin na yarda, kamar yadda ya saba jin duk abin da mace ta faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuto miki. Makon da ya wuce Auta ya zo da hantsi bayan na fita, wai zai riƙa gwada ta kafin ranar ɗaukar, wadda aka sa ƙarshen watan nan. Ya tsayar da ita kan alama, ya buga katako, ya ɗauka. Sai aka kira shi cewa wani ɗalibinsa ya gogi motar mutane. Ya zura waya a aljihu ya fice da gudu. Mutumin da sana'arsa kenan daga safe zuwa yamma ya ce wa mutane tafi, tsaya, ya manta bai ce wa uwarsa ta tsaya ba. Mai jinya tana tsakar gida tana wanki. Da ta shigo ta ga Inna a tsaye tana murmushi, ta yi ta lallashinta ta zauna, ta ƙi. Ta ja ta, ta ƙanƙame. Ta kira wayata, ni kuma ina ɗakin injuna ban ji ba. Ta kira Auta, yana can yana rigima da mai mota. Mai jinyar ba ta san akwai kalmar da ake faɗa a sauke Inna ba, don mu ma ba mu taɓa lura muna faɗinta ba, fitowa take yi da kanta cikin wasan.

Rana ta yi sanyi na dawo. Na same ta a tsaye inda ya bar ta, fuskarta a karkace wajen tagar da hasken ya riga ya bari. Ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Jikinta yana ɓari tun daga gwiwa har haɓa. Rigarta ta jiƙe, ta yi fitsari a tsaye, ya gangara ya taɓa allin. Kuma murmushin yana nan, Malama, bai gusa ba. Na rungume ta zan ɗauke ta, ta raɗa mini ta gefen baki, ba tare da ta motsa kai ba, cewa in matsa in fita daga hoto, zan ja mata. Sai a lokacin na gane. Na koma bayan kujera na ɗaga murya na ce an yanke. Ta zube a hannuna kamar rigar da ta faɗo daga ƙusa. Da ta dawo hayyacinta, ta kama yatsana da ƙarfi, da wata 'yar murya da ban taɓa ji a bakinta ba ta ce: "Kawu ya ga na jiƙa kayan? Don Allah kar ki faɗa masa."

Kawun nan ya mutu tun ina makarantar firamare.

Tun ranar tsoro bai bar ni ba. Na karanta duk abin da hannuna ya kai a kan wannan ciwo, kuma babu littafin da ya faɗa mini abin da na gani da idona. Mu muna zaton tauraruwa muke tasowa idan mun buga katako. Ashe yarinya 'yar shekara biyar muke tasowa, wadda ke murmushi don kada a rufe ta a ɗakin duhu. Ina wurin aiki ina duba shafi, sai in ga layukan sun narke, in riƙa tunanin ko wani ya buga wani abu a gida, ko murfin tukunya ya faɗi, ko ƙofa ta bugu, ta miƙe ta tsaya babu mai sauke ta. Zuciyarta ba ta da ƙarfi. Idan suka kawo manyan fitilu da mutane cike da falo, suka ce a sake, a sake, wa ya san a ɗauka ta nawa za ta faɗi?

Na tari Auta da maganar. Ya yi kuka, ya rantse kuskure ne, ya ce ranar ɗaukar zai rubuta kalmar a tafin hannunsa don kada ya manta. Ki ji fa. Da na ce ba za a yi ba, sai ya juye. Ya ce likita da kansa ya faɗa cewa a riƙa motsa mata ƙwaƙwalwa. Ya ce dama ni tun fil azal haushin fim nake ji, don ya ƙwace mini uwa, yanzu na samu dama ina so in rufe ta a ɗaki ta mutu babu wanda ya sani. Gwaggonninmu duk suna bayansa, har sun fara zaɓen kayan da za su sa ranar nuna fim ɗin. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a jarida ba. Gaskiya ne ina jin haushin fim, wa ba zai ji ba, uwar da kowa a gari ke da rabo a cikinta ban da ni? Amma ba haushi ne ya kumbura mata ƙafa ba.

Kuma ga inda bakina ke mutuwa: har yau da safe na buga katakon, don in ba haka ba ba za ta haɗiyi maganin ba. Auta ya sani, kuma da shi yake soka ta. Shin in canza makullin gida? In ɗauke ta in gudu da ita wurin wata ƙawata har ranar ta wuce? In kai ƙanina ƙara? Ko kuwa ni ce tsoro da tsohon haushi suka rufe wa ido, nake neman hana ta abu ɗaya da ya rage mata a duniya? Ki faɗa mini gaskiya, na iya jin gyara, aikina ke nan.

Taki,
'Yar da ba a gane ba

*

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na ajiye, na sake ɗauka. Tunda kin ce kin iya jin gyara, ga amsa a taƙaice kafin bayani: kada a yi wannan ɗaukar. Tsoronki a kan hanya yake. Wadda ba ta iya sauka daga alamar alli da kanta, ba ta iya cewa ta yarda ko ba ta yarda ba. Amincewar Auta ba tata ba ce, taki ma ba tata ba ce. Abin da ke hannunku kawai shi ne ku kare ta.

Amma hanyoyin da kika lissafa, babu wadda zan ce ki bi. Kada ki gudu da ita. Masu wannan ciwo suna jingina ne da ɗakin da suka saba da shi, da inda taga take, da inda kujera take. Baƙon gida zai ruɗa ta fiye da yadda kike zato. Canza makulli da kai ƙara kuma za su mayar da maganar ta zama ta ke da Auta, alhali ta Inna ce.

Ki fara da likita, cikin makon nan, kuma ki tafi da Auta. A duba ƙafafun nan da zuciyar. Sannan ki ba likitan labarin ranar dalla-dalla kamar yadda kika ba ni, a gaban ƙaninki. Ina da yaƙinin likitan da ya ce a motsa mata ƙwaƙwalwa waƙa yake nufi, da tsofaffin hotuna, da hira, bai san da alli da katako ba. Bari Auta ya ji haka daga bakin da ba naki ba. A zaman nan ki tambaya ko maganin yana da na ruwa, ko ana iya niƙa shi a abinci. Kada ki niƙa da kanki sai an ce miki, don akwai ƙwayoyin da ba a niƙawa.

Bayan haka ki nemi darakta, ke da ita kawai. A wasiƙarki kin yi faɗa da kowa, amma ban ga inda kika yi magana da ita ba, kuma ita ce mai kyamara. Mai yiwuwa abin da ta sani bai wuce hotunan wayar Auta ba, inda ake ganin murmushi ba a ganin ƙafa. Ki faɗa mata komai, har da tambayar da Inna ta yi miki. Kada ki je da niyyar rushe mata fim. Tana da tsofaffin finafinan, tana da waɗanda suka yi aiki da Inna, tana da ku 'ya'yanta. Tana kuma da ke, wadda ta san abin da littattafai suka tsallake. Idan da gaske take son mahaifiyarki, za ta janye da kanta. Idan ta dage, to kin san da wa kike magana, ki ce mata a'a a fili, ba "zan yi tunani" ba. Wannan kalmar ce ta kawo ku nan, kuma ba laifin kunnen Auta ba ne kaɗai.

Game da Auta, na ga kin iya yanka da harshe, kuma ya cancanci wani yankan. Amma ki duba ta gefensa. Ke kina da Inna safe da yamma, ko da a matsayin mai ɗinki ne. Shi kuwa lokacin da ya buga katako ne kaɗai take ɗago ido ta dube shi ta yi abin da ya ce. Ba mugunta ke jansa ba, kewa ce, kuma kewa takan sa mutum wauta. Idan kika ƙwace masa wannan ba ki ba shi wani abu ba, zai yi ta yaƙi da ke. Ki ba shi aiki: ya riƙa zuwa yana kunna mata waƙoƙinta, tana zaune, shi ma yana zaune a gefenta, babu waya a hannunsa. Maganar da ya faɗa miki a kan haushi ta yi zafi don akwai ɗan gaskiya a cikinta, kin kuma amsa da kanki. Mutum yana iya jin haushi kuma ya zama shi ne mai gaskiya. Gwaggonni kuwa, ki gayyaci mafi ƙarfin baki a cikinsu ta yini ɗaya tana jinya. Zancen kayan sawa zai ragu.

Saura katakon da kike bugawa da safe. Kada ki kashe kanki da zargi, maganin zuciya ba abin wasa ba ne. Amma ki ɗauke shi a matsayin abin da za a daina, da taimakon likita. Kafin nan, ki goge allin nan yau. A daina tsayar da ita sam, komai a zaune. Wanda ya buga katako, shi zai ce an yanke kafin ya ɗaga ƙafa. Ki koya wa mai jinya kalmar, da duk wanda ke shiga gidan, saboda ranar da wani abu zai faɗi ya yi ƙara ba kya nan. Idan ta sake tambayar kawunta, kada ki tsaya yi mata bayanin mutuwa, ba za ta riƙe ba, sai dai ki ƙara mata ruɗu. Ki ce mata ba ya nan, ba zai zo ba, kuma ta yi kyau, kowa ya yaba. Duka gaskiya ne.

Ke ma ki nemi wanda zai karɓe ki yini ɗaya a mako. Mai jinyar da ba ta hutawa, ita ce ta gaba a gadon asibiti.

Mai yiwuwa duk ki yi waɗannan amma ranar ta zo ki ji mota ta tsaya a ƙofar gida da fitilu a bayanta. Kada ki je aiki ranar. Ki buɗe musu da kanki, ki gaishe su da mutunci, ki ba su ruwa su sha a tsaye, ki ce musu Inna ta yi ritaya.

Allah ya ba ta sauƙi da kwanciyar rai, ya daidaita tsakaninki da ƙaninki, ke kuma ya ƙara miki ƙarfin zuciya.